Curin Laka Biyar Daga Ikko

Ku 'yan yanzu kuna ba ni dariya. Jiya da kunnena na ji jikana yana faɗa wa abokinsa wai kamun kifi ba sana'a ba ce, ka jefa birgi ka jawo, Allah ne ke sa kifi a ciki. To ai hatsi ma Allah ne ke sa shi a gona, me ya hana ka kwanta a gindin tsamiya ka jira dami ya zo da ƙafarsa? Ku gyara zama in ba ku labarin yadda wani ɗan kifi da bai kai tsawon tafin hannuna ba ya kusa raba ni da sana'ata.

Ni Garba, a wajen Toranke aka haife ni, gidanmu gidan noma ne. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba mahaifina ya ga ba na rabo da bakin kogin nan da ya ratso ta Wudil, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin Sarkin Ruwa, Baba Manu, ya ce tunda ruwan nake so a koya mini shi kafin ya cinye ni. Shekara biyu ban shiga ruwa da sunan su ba. Aikina saƙar koma, ragar kama kifi. Zaren auduga ne da mata suka kaɗa, mu murza shi a cinya har gashin wurin ya ƙare, mu saƙa, mu dafa da bagaruwa ya yi ja don kada ya ruɓe da wuri. In ido ɗaya ya fi ɗan'uwansa faɗi, Baba Manu zai zura yatsa a ciki ya ce, "Wannan ƙofar da ka bar wa ƙarfasa, saura ka rataya mata asabari." Sai in kwance in sake.

Ranar da aka fara ba ni gora ba zan manta ba. Babban gora ne, mutum ya kifa cikinsa a kai yana iyo da ƙafa, koma a hannu biyu, kifin da ya kama ya jefa ta bakin goran. Da ido abu ne mai sauƙi. Ina hawa ya juye da ni, na sake hawa ya sake juyewa, na sha ruwa har na daina jin yunwa. Baba Manu yana tsaye a gaɓa bai ko motsa ba, sai cewa ya yi in rage wa shanu.

Da rani kuma, in fadama ta bushe ta tsattsage, haƙar gaiwa muke yi. Gaiwa kifi ce mai dabara. In ta ga ruwa zai ƙare sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ta bar 'yar huda ta numfashi, ta yi barcinta har damina. Mu kuma mu bi da sanda muna ƙwanƙwasa ƙasa, muna neman hudar. In ka samu ka haƙo ta da curin ƙasarta, ba ka fasa ba, ka kai gida ka ajiye a zaure. Wata uku tana nan da ranta. Ran da aka yi baƙo a fasa curi, a yi miya da ɗanyen kifi a tsakiyar rani. A wannan aikin ba wanda ya kama ƙafata a duk yaran Baba Manu, kuma ba na ɓoye muku, kaina ya kumbura.

Masu saye ma makaranta ne. A kasuwar Ajingi akwai wata tsohuwa mai tuwo, Iya Tasalla, ita ba ta tambayar yaushe aka kama kifi. Kunnensa za ta ɗaga ta leƙa, ta danna cikin da yatsa. In ka ce mata na safiyar nan ne alhali na jiya ne, ba za ta yi musu ba, sai ta ce, "Allah sarki, ashe da ciwonsa ya shiga koma." Ta ajiye ta wuce wurin na kusa da kai, kuma sai ka yi kasuwa uku ba ta dube ka ba.

Amma aikin da ya fi kowanne daraja a wurinmu shi ne duba ruwa. Kafin masunta talatin su ɗauki gora da koma su yi tafiyar yini zuwa wani tafki, mutum ɗaya ake turawa ya je ya gani. Ya duba launin ruwan, ya ga irin tsuntsayen da ke sauka, ya shiga ya taka laka ya ji ko tarwaɗa na taɓa ƙafarsa. In ya dawo ya ce akwai, a tafi. In ya ce babu, a zauna. Mai duba ruwa ba shi da wani kayan aiki sai bakinsa. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai Baba Manu ya ba ni wannan aikin, ya tsallake waɗanda suka girme ni, har da Ɗanjuma, ɗan kawuna kuma abokin wasana, wanda bai taɓa yafe mini ba.

Bayan an gama yaƙin basasa, wani rani na bi masu shanu a jirgin ƙasa zuwa Ikko cin rani. Can na haɗu da wani dattijo Bayarabe, Baba Lamidi, wanda ya yi zaman Kano da ƙuruciya, Hausarsa tas. Yana da jiragen ruwa uku da wurin banda a bakin wani makeken ruwa bayan gari, inda koguna ke zuwa su haɗu da teku. Da ya ji ni masunci ne ya ce in zo. Abin da na fara yi shi ne na ɗebi ruwan na kai baki. Ba ruwan kogi ba ne, ba kuma gishirin teku sosai ba, zartsi ne, irin na rijiyar da ake haƙawa a yi asara.

Safiyar farko ya ba ni raga ya nuna mini wuri. Na shiga ruwa iya ƙirji na kafa ta yadda muke yi a gida, na koma na karya, na taya su gyaran banda. Bayan azahar na dawo in duba. Babu ruwa. Ragata na shanye a kan turaku kamar wanki, ƙasa kuwa laka ce iya ganinka. Na ruga na ce, "Baba, an kwashe ruwa." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kasuwa ya tafi, Garba, kafin magariba zai dawo. Kullum sau biyu yake zuwa." Haka kuwa aka yi.

A kan lakar nan na gan su. Da farko na ɗauka 'ya'yan kwaɗi ne, don idanunsu a tsakar ka suke, tulu-tulu. Na matsa, sai na ga wutsiya ta kifi, kunne na kifi. Amma yana dogara fukafukansa biyu na gaba a ƙasa yana jan jiki, in ka kai hannu ya yi tsalle ya faɗa rami. Wani ma na gan shi ya hau saiwar itacen bakin ruwa ya zauna yana kallona. Na yi salati. Baba Lamidi ya ce wannan ai ba komai ba ne, 'yan'uwansa ƙanana ma suna nan a ƙasan ruwan, masu ɗan faifai a ƙirji da suke manne wa dutse da shi. Na ce har ina ake samunsa? Ya ce ka bi bakin teku yamma har Kwatano, har Ankara, yana nan. Ka bi gabas har Fatakwal da Kalaba, yana nan. Amma ka hau kogi ka yi arewa, daga inda ruwa ya daina zartsi ba ka ƙara ganin ko ɗaya. Ƙasarsa doguwa ce siririya kamar rawani, tsawo ba faɗi.

Da na dawo gida gab da damina, bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Sarkin Ruwa ana jin labarin Kurmi. Da na tsaya a kan labarin jirgin ƙasa da gidajen sama, da na zauna lafiya. Sai bakina ya ja ni.

Ɗanjuma ya ce, "Tsaya, tsaya. Kifin ne yake tafiya a tudu?"

Na ce, "Har bishiya yake hawa."

"Da tsani ko da igiya?"

Aka fashe da dariya. Na ce wallahi da idona na gani, in ruwa ya janye da rana suke fitowa.

"Ina ruwan yake zuwa?"

Nan ma da na kama bakina. Na ce, "Tafiya yake yi ya dawo, sau biyu kullum."

Ɗanjuma ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Jama'a, ku yi wa ɗan'uwana addu'a. Ya tafi da hankalinsa, ya baro shi a tasha."

Na ɗauka wasa ne na kwana biyu. Ashe ba haka ba ne. Da kaka ta yi na je na duba wani tafki ta wajen Balan, na dawo na ce akwai tarwaɗa. Wani daga baya ya ce, "A ruwa suke ko a kan reshe?" Ranar mutum shida kawai suka bi ni. Washegari Baba Manu ya kira ni zaure, mu biyu. Lokacin idonsa ya fara rauni, sai ya kama hannuna ya ce, "Garba, ban ce ka yi ƙarya ba. Amma mutum talatin ba sa ɗaukar gora su bi maganar da suke yi wa dariya. Ka huta, Ɗanjuma zai riƙa dubawa." Na ce to, ranka ya daɗe. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har yara a hanya suna tambayata ko kifina ya fara sa takalmi.

Sai ga shekarar fari, wadda aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. Ku ba ku san fari ba, ji kuke yi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, gyaɗa ba a ma maganarta. Kogi bai cika ba balle ya shiga fadama, tun kafin sanyi ya wuce ya tsinke ya zama 'yan kududdufai, muka tsame su tas, sannan ya zama yashi yara na wasa a kai. Muka haƙe gaiwar da ke ƙasa har ba saura. Ɗanjuma, in faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari, ƙafarsa har ta fashe don yawon duba ruwa, amma duk inda ya je sai ya dawo ya ce babu. Koma tana rataye, gara na cin gora, gidaje suka koma cin abinci sau ɗaya.

Na je gaban Sarkin Ruwa cikin mutane na ce na san ruwan da ba ya ƙafewa, kuma Baba Lamidi ya ce mini duk ran da na kawo masunta yana da jirgi da wurin kwana. Sai Ɗanjuma ya ce, "Can ɗin da ruwa ke zuwa kasuwa? Mu sayar da 'yan awakin da suka rage mu bi ka, in mun je a ce bai dawo ba tukuna?" Wannan karon ba a yi dariya sosai ba, amma ba wanda ya ce zai je. Ban ga laifinsu ba. Wa zai sayar da akuyarsa ta ƙarshe a kan maganar mutumin da ya ce kifi na hawa bishiya?

Na ce to, gani ya kori ji. Na sayar da kekena na hau jirgi.

Kwana biyu na yi ina fama kafin in kama biyar masu rai, don sun fi ɓera wayo. Sai na zauna na kwaɓa lakar wurin, na sa kowanne a tsakiya na cure, na huda da tsinke daidai bakinsa, sak yadda gaiwa ke yi wa kanta. Baba Lamidi ya tsaya a kaina ya ce, "Garba, wannan ba irin naku ba ne. Laka yake so, amma ɗanya, mai ruwan zartsi. In jikinsa ya bushe ya mutu." Na ce, "Baba, a ruwa kai ne malamina. A laka kuwa, bar ni da ita, tun ina yaro nake wannan aikin." Ya dube ni ya girgiza kai, ya ce Allah ya kai ni lafiya.

Na jera huɗu a kwando na rufe da ganye na sa a ƙarƙashin benci. Na biyar bai samu wuri ba, na naɗe shi a tsumma na ɗaure a jikin taga, rana da iska suna dukansa. Wata mata ta tambaye ni mene ne a kwandon, na ce magani ne. Muna wuce Jaba wani ɗan wari ya fara tashi. Na ce a raina gaiwa ma ai ba turare take yi ba. Kafin Kaduna mutane sun fara toshe hanci suna waige-waige, ni ma na toshe nawa na taya su hararar wani bawan Allah mai ƙullin daddawa. Allah ya yafe mini, mutumin nan har ya sauka a Zariya yana rantsuwa.

Daga Kano na hau akori-kura zuwa Gaya, na ƙarasa da ƙafa. Da hantsi aka taru ƙofar gidan Sarkin Ruwa, har da matan aure suna leƙe ta katanga. Na sa aka yayyafa ruwa a ƙasa aka yi laka, aka ajiye ƙwarya cike da ruwa. Na ce, "Ku ja baya, ku ba shi fili, gudu gare shi." Aka ja baya.

Na fasa na farko. Abin da ya fito ba ya faɗuwa, sai dai in ce kajin da suka matso ma sun koma. Na fasa na biyu, na uku, na huɗu, duk ɗaya. Ɗanjuma ya rufe hanci da hularsa ya ce, "Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka sayar da keke ka sayo mana wari." Sai na fasa na biyar, na jikin tagar nan. Shi bai ruɓe ba, ya bushe ne ƙamas, ya ƙanƙance, matacce dai kamar sauran.

Mutane sun fara juyawa sai Baba Manu ya ce, "Miƙo mini." Na sa masa a tafi. Bai kai shi ido ba, don idon ba ya gani sosai, da yatsa ya bi shi. Ya shafa wutsiya. Ya sa farce ya ɗaga kunnen, ya ce, "Kifi ne, ba kwaɗo ba." Ya shafa kan, ya tsaya a kan idanun ya daɗe. Ya ce, "Kifin da ke zaune cikin ruwa, idonsa a gefe yake. Wannan nasa a sama. Me yake kallo a sama in ba waje yake fitowa ba?" Sannan ya kama fiffiken gaba ya lanƙwasa a hankali, ya kira Ɗanjuma ya ce ya kawo yatsansa. "Taɓa nan. Ka ji gwiwa? Shekara sittin ina fiɗar kifi ban taɓa jin fiffike mai gwiwa ba. Allah ba ya yi wa abu gwiwa sai in zai dogara da ita." Daga nan ya ɓalli lakar curin ya sa a harshe, ya tofar. Ya ce, "Zartsi. Kuma lakar da ruwa ke hawa kullum ce, ba ta san fari ba. Yaron nan gaskiya ya faɗa."

Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga mini hannu. "Kai kuma sakarai ne. Don ka ga kifi a laka sai ya zama gaiwa? Ka kashe bayin Allah biyar don girman kai. Mai wurin bai hana ka ba?" Na ce ya hana ni, ranka ya daɗe. Ya ce, "Na sani." Ranar na sha faɗan da ya fi mini kowane yabo daɗi.

Mu bakwai muka tafi, har da Ɗanjuma, wanda ya ce shi zai je ne kawai ya ga ƙarshen ƙarya. Wata biyar muka yi wurin Baba Lamidi, kuma abin da muka riƙa aikowa shi ya riƙe gidaje bakwai har aka ga sabon gero. Amma ranarmu ta farko nake so ku ji. Na kai Ɗanjuma bakin ruwa na ce ya kafa sanda iya inda ruwa ya tsaya, muka zauna. Yana ta surutu, ruwa na janyewa, surutun na raguwa, har sandarsa ta tsaya ita kaɗai a laka. Can sai ga ɗaya ya fito daga rami, ya dogara hannuwansa, ya ja jiki ya zo kusa da ƙafar Ɗanjuma, ya hau wata saiwa ya zauna ya zuba masa ido. Suka daɗe suna kallon juna.

Ɗanjuma ya cire hula ya share fuska. Ya ce, "Garba."

Na ce, "Na'am."

"In mun koma gida, kai za ka faɗa. Ni ina da mutunci."

Ya kuwa cika alkawari. Ran da muka dawo aka kewaye shi a ƙofar gidan Sarkin Ruwa, kowa na cewa Ɗanjuma, da gaske ne? Yana hawa bishiyar? Ya sunkuyar da kai yana kwance kayansa, ya ce, "Ni me na sani? Ku tambayi Garba, shi ne mai duba ruwa."